Littafi da Goron Sallah a Ƙasar Tsauni

In Sallah ta gabato a Tsauni, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Matameye, kowa ya san abin da zai fita daga hannu zuwa hannu. Maigida ya yi wa iyali ɗinki, a fitar da zakkar kono kafin a tafi idi, a kai wa surukai tuwo da goro, saurayi ya aika da toshi, yara su bi gida-gida suna karɓar barka da sallah. In Babbar Sallah ce, naman layya ya zaga dangi da maƙwabta har ya kai ga almajirin da ke bakin zaure. Littafi ba ya cikin wannan lissafi, kuma wanda ya ce a sa shi, sau da yawa akan ɗauke shi mai kwaikwayon Nasara da bikinsu na Kirsimeti. A ganina tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Kyautar littafi ta girmi zuwan Bature ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya bambanta ta da kyautar Sallah shi ne ba ta jiran wata ko rana, kuma tana tafe da ƙa'ida mai tsauri: ba a ba mutum littafi sai an san inda karatunsa ya tsaya. Wannan ƙa'ida ce ta ba kyautar daraja, ita ce kuma ta fara suɓuce mana tun da littafi ya yi araha.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ishe mu shaida kan matsayin littafi a idon mutanen da. Rubutu ne da yawancinsa yaƙi ne da sarauta da wanda ya gaji wane, amma marubucinsa yakan tsaya ya faɗi wanda ya kawo wane littafi da zamanin da ya kawo shi. Ya ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Kisoke kuma, a ƙarni na 16, ya ambaci Shehu Tunus da ya kawo Ashafa, da Shehu Abdussalami da ya zo da Mudawwana da wasu littattafai. Mutanen da suke rubuta zuwan littafi a jere ɗaya da cin gari da yaƙi, ba sai wani ya zo daga ƙetare ya koya musu cewa littafi abin bayarwa ne ba. A wannan ƙarnin dai Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin cewa a Tumbuktu ribar littattafai ta fi ta sauran haja.

Tsadar tana da dalili, kuma dalilin ya bi ta ƙofar Damagaram. A wancan zamani ba a yin takarda a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 yawancinta daga arewacin Italiya take fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ratsa da ita Sahara ta Gat da Agadas, ta iso Zinder kafin ta gangara Kano. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya ga wannan takarda cikin kayan da fatake ke kawowa. Zamanin Sarki Tanimu ne, lokacin da Damagaram ke ganiyarta, kuma ƙasar Kance da Tsauni tana tsakanin Zinder da Daura, a bakin hanyar ayarin da ke neman Kano. Sayen takarda somin-taɓi ne kawai. Sai a dafa tawada da bagaruwa da ƙaro, a fere alƙalami, marubuci ya duƙufa watanni, ya sa wasula da jar tawada, wani ya bi ya duba masa kuskure, baduku ya yi tadarishi da gafaka. Wanda ya ba ka littafi a wancan zamani ya ba ka watannin rayuwar wani mutum, shi ya sa ba a yin wannan kyauta da ka.

Hanyoyin da take bi sanannu ne. Gardin da ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka ya zama alaramma, yakan kai rubutunsa na farko ga mahaifinsa ko malaminsa ko wani babba da ya ɗauki nauyinsa. Malami ya tsufa ya miƙa wa ɗalibin da ya yarda da shi littafin da shi ma daga nasa malamin ya same shi. Mai hali ya sa a rubuta ya yi wakafi ga masallaci yana neman sadaka mai gudana. A makarantar ilmi kuwa akwai matakala da kowa ya sani: Ƙawa'idi, sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, daga nan a nufi Askari da Muhtasar. Mai bayarwa ba ya kuskuren zaɓi, domin a gabansa mai karɓa ke zama kullum yana biya karatu. Ba ya ba mai Ahalari Muhtasar don a ce ya yi babbar kyauta, ba ya kuma ba mai Risala Ƙawa'idi ya wulaƙanta shi. Har yanayin littafin kansa ya dace da wannan hulɗa, tun da ba a ɗinke shi; takardu ne a sake, da kalmar farko ta shafi na gaba a rubuce a ƙasan wanda ya gabace shi don kada jeri ya rikice. Malami na iya zare waraƙa biyar ya ba yaro ya tafi ya kwafa, in ya dawo da su ya karɓi biyar na gaba. Kyautar tana tafiya daidai da ƙafar mai karatu.

Akwai baƙo ɗaya da ya dace da wannan ƙa'ida, labarinsa kuma yana nan a rubuce. Hugh Clapperton ya fara zuwa Sakkwato a 1824, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ji irin tambayoyin da yake yi kan addini da tarihi da taurari. Da ya komo a 1826, cikin kayan gaisuwarsa akwai littattafan Larabci, har da na Uƙlidisu kan ilmin handasa. Ya rubuta cewa wata safiya ya tarar da Bello a cikin gida da littafin buɗe a gabansa, Bello ya shaida masa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wani ɗan'uwa ya samo shi a Makka, gobara ta cinye shi. Ziyarar ba ta yi kyakkyawan ƙarshe ba. Yaƙin Sakkwato da Barno ya ɓata tsakaninsu, Clapperton kuma ya rasu a Sakkwato a 1827. Amma cikin duk kayan da ya ɗauko daga Ingila, wanda ya cike giɓin da ke gidan shi ne aka zauna ana karantawa, kuma bai samu haka ba sai don ya saurari mutumin shekaru biyu kafin nan.

Abin da ya rikita zaɓi a ƙasar Tsauni iyaka ce. Faransawa sun ci Zinder a 1899 bayan gwabzawar Tirmini, suka mai da ita hedkwata daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamun iyaka tsakaninsu da Ingilishi. Layin ya ratsa ƙasa mai harshe ɗaya da auratayya ɗaya, ya bar Matameye a arewa, Daura a kudu. A kudu Turawan Ingila suka ɗauki Hausar boko abin aiki, suka kafa hukumar fassara da talifi a Zariya. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. A arewa kuwa lakwal ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Yaron Tsauni, wanda Daura ke kusa da shi Yamai kuma ke nesa da ɗaruruwan kilomita, ya tashi a makarantar da ba ta da littafi ko ɗaya cikin harshen da uwarsa ke yi masa magana. Gyara ya zo a makare kuma a hankali: taron Bamako na 1966 kan yadda za a rubuta harsunan yankin, makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Zinder a 1973, azuzuwan yaƙi da jahilci, sai kuma 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Sakamakon wannan tarihi yana zaune a tsakar gida. Kaka yana karanta rubutun allo da ajami, ɗansa ya yi lakwal yana karanta Faransanci, surukar gida ta iya Hausar boko, jika yana Islamiyya yana koyon Larabcin bugun Gabas. Mutum huɗu ne masu karatu, amma da wuya littafi ɗaya ya yi wa biyu daga cikinsu. Malamin da yana da matakala ɗaya da zai duba. Mai kyautar yau sai ya fara tambayar kansa wane irin baƙi ma mutumin ke iya gani.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne kyautar Alƙur'ani, wadda ita ce kyautar littafi mafi yawa a yankin. Da injin bugu ya samu gindin zama a Kano, ƴan kasuwa ba su watsar da tsohon hannu ba. Sun ɗauki rubutun alarammomi irin su Sharif Bala Gabari, suka buga shi kamar yadda yake, da ruwayar Warshu, da manyan baƙaƙen da idon ɗan tsangaya ya saba da su, ƴan tireda suka ɗauko daga kasuwar Kurmi suka shimfiɗa a kasuwannin ƙauye har cikin Damagaram. Wannan bugu ya sauko da farashi bai raba mai karatu da abin da ya sani ba. Daga baya, musamman bayan buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, sai mushafin Hafsu mai ado ya zama tsarabar kowane alhaji. Ba wanda ke musun ladan mai bayarwa. Amma dattijon da ya yi sauka a allo ya saba da fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama, ga wasulan Warshu da kunnensa ya riƙe tun yana ƙolo. In aka miƙa masa bugun da ya saɓa wa wannan, zai karɓa hannu biyu, ya sa albarka, ya naɗe shi a kyakkyawan ƙyalle ya ɗora a sama, ya koma ga tsohon nasa da gefensa ya cinye. Ita kanta maɗaba'ar Madina tana buga Warshu, abin da ya rage kawai mai saye ya san yana da bukatar tambaya. Haka nan tarjamar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi, wadda ta fito a 1979, taska ce ga wanda ya iya boko kuma yake son ma'ana, amma ga wanda ajami kaɗai ya sani rabinta a rufe take. Ya zama littafin da muka fi bayarwa shi ne wanda muka fi ƙarancin tsayawa mu zaɓa, don muna ganin darajarsa ta ɗauke mana wannan wahala. Mutanen da ba su ga haka ba, kuma su suka fi mu gaskiya.

Wata hanyar kyauta ta buɗe daga inda ba a zata ba, a ɗakunan mata. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano da kewaye suka shiga buga ƙagaggun labarai da kuɗin aljihunsu, ƙananan littattafai masu araha: Balaraba Ramat Yakubu da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Sun tsallaka iyaka zuwa Zinder da Maraɗi cikin kayan ƴan kasuwa da jakunkunan masu zuwa biki, ana aro, ana haya, ƙawa ta kai wa amarya don ɗebe kewar sabon gida. An soki waɗannan littattafai da ɓata tarbiyya, har aka ƙone wasu a bainar jama'a a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma uban da ke tsoron a kawo wa ƴarsa irinsu da sunan goron sallah ba shi da laifi. Akwai tarkace a cikinsu, ba shakka. Sai dai akwai kuma waɗanda suka yi magana kan auren dole da hana ƴa mace karatu da wulaƙancin saki tun kafin a saba jin wannan magana a fili, kuma mata da yawa da suka bar makaranta da wuri, waɗannan labarai ne suka hana karatunsu mutuwa. Matan da ke miƙa wa juna su sun riƙe tsohuwar ƙa'ida fiye da kowa, domin ba wadda ke ba ƙawarta littafin da ita ba ta karanta ba. Maganin tsoron uba yana nan: ya karanta kafin ya bayar, ko ya tambayi wadda ta karanta kuma ya yarda da hankalinta.

Hujjar da ta fi nauyi a kan duk wannan magana talauci ce, kuma bai kamata a yi mata amsar ganganci ba. Ƙasar Kance tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar, gonaki sun tsuke, gyaɗar da ta taɓa riƙe yankin har aka kafa masana'antar man gyaɗa a Matameye ba ta da ƙarfinta na da. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, akasarinsu daga wannan yanki, sun fita neman abin da za su ci. Wanda ya tuna wannan ba zai ce wa magidancin da ke fafutukar mudun gero ya bar ɗinkin yara ya sayi littafi ba, ni ma ban ce ba. Maganar tana kan wanda ya riga ya ware abin bayarwa: ma'aikacin da ya zo Sallah daga Yamai, ɗan kasuwar da ya dawo daga Kano, gwaggo mai albashi, kawun da ke raba sababbin takardun kuɗi a ƙofar gida. Ƙaramin littafin koyon karatu ko Ahalari mai fassara bai kai kuɗin ɗinkin riga ɗaya ba, kuma kuɗin barka da sallah kafin la'asar ya zama alewa. Masu cewa yawancin mutane ba su iya karatu ba, alƙaluma na tare da su, domin manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai biyu cikin biyar ba. Amma karatu a ƙasar Hausa bai taɓa zama aikin mutum ɗaya a ɗaki shi kaɗai ba. Ashafa a zaure ake karanta ta jama'a na saurare, Ishiriniya a taro ake rera ta, Nana Asma'u kuma ta isar da waƙoƙinta ga matan ƙauye ta bakin jajis da ƴan taru ba tare da kowace ta riƙe alƙalami ba. Yarinya ɗaya mai karatu ta ishi gida guda, in dai abin da aka ba ta cikin harshen da gidan ke ji yake.

Akan kuma ce waya ta gama da takarda. Gaskiya ne karatu da yawa ya koma can. Labaran da a da ake bugawa yanzu a WhatsApp ake raba su, tafsiri kuma yana cikin katin waya. Sai dai waya ta mutum ɗaya ce, tana bin mai ita kasuwa da gona da ci-rani, tana bukatar caji da kuɗin kati, kuma yaro ɗan shekara takwas, wanda shi ya fi kowa bukatar abin karantawa, shi ne na ƙarshe da za a bar wa ita. Littafi yana kwana a ɗaki, wa ya gama ƙane ya ɗauka. Batun kwaikwayon Nasara kuwa, su ma tasu al'adar ba daga sama ta faɗo ba. A Ingila wani mai buga littattafai, Rudolph Ackermann, shi ya fito da littafin kyautar ƙarshen shekara a 1822, wasu suka ga riba suka bi. A Aisland yaƙin duniya na biyu ne ya sa kayan waje suka yi wuya takarda kuma ta samu, mutane suka koma ba juna littafi, ana kuma raba kundin sababbin littattafai gida-gida tun 1944. Ciniki da matsi ne suka haɗa littafi da bikinsu. Abin da ya kamata mu yi hattara da shi a wajensu shi ne sayen abin da aka tallata a kakar bana ba tare da sanin mai karɓa ba, domin nan ne tasu hanyar ta saɓa wa tamu.

Raunin da ya rage na kayan ne kansu. Mai son zaɓa wa yaron Tsauni littafi da idon basira zai tarar da na addini a wadace, na soyayya ma akwai, amma littafin yara da Hausa, mai hoto, mai labarin gero da rake da rijiyar da yaron ya sani, yana da wuyar samu. Maɗaba'u irin su Gashingo a Yamai sun yi ƙoƙari, Abdu Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa da Faransanci, amma kaɗan ne daga wannan aiki ke isowa tabarmar mai sayar da littattafai a kasuwar ƙauye. Ko Sarraounia, wanda Abdoulaye Mamani na Zinder ya fitar a 1980 kan sarauniyar da ta tsaya wa Faransawa a Lugu, da Faransanci aka rubuta shi, jikokin mutanen da labarin ya shafa da yawa ba sa iya buɗe shi. Yankin ya dogara da Kano, kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023, sun nuna yadda wannan igiya ke saurin tsinkewa a Ɗan Barto. Mai tireda ba ya ɗauko abin da ba a tambaye shi ba. In a cikin watan azumi mutum goma suka tsaya gabansa, kowa ya faɗi shekarun yaron da yake nufi da ajin da yake da irin rubutun da yake iya karantawa, to a tafiyarsa ta gaba da wannan saƙo zai shiga Kurmi, kuma in bai samu a can ba zai fara tambayar wanda ke bugawa a Zinder ko Yamai.